Shin Ko Kun San? Lissafin Lafiya da Karatu Daga Tiga Zuwa Riruwai

Ƙasar da aka haifi Alhassan Ɗantata a cikinta, a Bebeji a 1877, ba a koya mata lissafi. Mun iya ƙirga buhu da tiya, mun san abin da zai rage bayan an cire kuɗin mota da na dako. Filinmu na yau ma lissafi ne, sai dai na wani abu dabam: nawa ake kashewa kafin yaro ɗaya ya tsallake zazzaɓin damina, ko yarinya ɗaya ta iya karanta wasiƙa da kanta? Akwai masana tattalin arziki da suka mai da wannan tambaya sana'arsu. Zan kawo abin da suka samo, in riƙa gwada shi a jikin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Shin ko kun san kyautar Nobel ta tattalin arziki ta 2019 mutum uku aka ba, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, saboda dabarar da kowane manomi ya sani? A samo ƙauyuka masu kama da juna, a jefa ƙuri'a, rabi a kai musu sabon shiri, rabi su ɗan jira, bayan wani lokaci a dawo a auna. Wanda ya taɓa zuba taki a kunya goma ya bar goma don ya ga bambanci da idonsa, abin da ya yi ke nan. Amfanin ƙuri'ar shi ne ta toshe ƙofar son kai, kada a zaɓi garin mai uwa a gindin murhu sannan a ce shiri ya yi nasara.

Shin ko kun san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, an tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2? Ruwanta ne ke gangarawa Kadawa ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma birnin Kano na sha daga ciki. To a 2007 Duflo da Rohini Pande sun bi manyan madatsun Indiya gunduma bayan gunduma. Suka tarar waɗanda ke ƙasan dam amfanin gonarsu na ƙaruwa, talauci na ja baya. Gundumar da aka kafa dam ɗin a cikinta kuwa, wadda ruwa ya cinye wa gonaki, talaucinta ƙaruwa yake yi. Binciken Indiya ne, amma dattawan da aka tasa daga garuruwansu lokacin da ruwan Tiga ya taso ba sa bukatar tafinta.

Shin ko kun san an taɓa yi wa ruwan Tiga kansa lissafi? A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta abin da ruwa ke haifarwa a filayen noman rani na Kadawa da abin da yake haifarwa idan an bar shi ya malala a fadamun Haɗeja da Nguru. Da suka haɗa noma da su da itacen girki, sai ga shi fadama ta fi cin moriyar kowane ma'aunin ruwa nesa ba kusa ba. Ba cewa nake dam bai yi rana ba. Tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa sun riƙe dubban gidaje. Abin da nake cewa, duk lissafin da ya manta da na sama da aka tasa da na can ƙasa da ruwa ya janye musu, lissafin dokin rano ne.

Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa manyan madatsun Afirka kudu da Sahara na jawo kamuwa da zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau miliyan 1.1 kowace shekara, a tsakanin mutanen da ke zaune kilomita 5 daga bakin ruwa. A ganina duk rabon magani ko gidan sauro da za a yi a yankinmu, daga ƙauyukan bakin madatsun Tiga da Bagauda ya kamata a fara.

Shin ko kun san tsargiya, wato fitsarin jinin da ake gani ga yara masu wanka a ruwa, ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake ɗauka a wasu ƙauyuka? Tsutsa ce da ke girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ko masunci. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita. Maganinta, praziquantel, sha ɗaya ne gwargwadon tsayin yaro.

Nan ne binciken da ya fi kowanne suna a wannan fage ya shigo. Daga 1998, a Busia da ke yammacin Kenya kusa da tafkin Biktoriya, Edward Miguel da Kremer sun bi makarantun firamare 75 masu ɗalibai fiye da 30,000, ana ba yara maganin tsutsar ciki da na tsargiya rukuni bayan rukuni. Fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Kuɗin kowane yaro a shekara bai wuce rabin dalar Amurka ba. Har yaran makarantun maƙwabta da ba a ba su komai ba sun amfana, domin tsutsar da ke yawo a ƙasa da ruwa ta ragu. Makin jarrabawa dai bai motsa ba, kuma wasu masana sun yi ta jayayya a kan girman amfanin. Amma da aka nemo yaran nan bayan shekara 20, waɗanda suka fi samun maganin na samun kuɗin aiki sama da na takwarorinsu da kusan kashi 13 cikin 100.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Da aka ce iyaye su biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, masu karɓar maganin suka faɗo daga kashi 75 cikin 100 zuwa ƙasa da 20. Ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Yaro na yawo da ƙafarsa, ba a ga ciwo a fili ba, ga cefane na jira, sai a ce a bari sai gobe.

Shin ko kun san ɗaya daga cikin shahararrun binciken zazzaɓin cizon sauro a duniya a tsohuwar Jihar Kano aka yi shi? Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi aiki a ƙauyukan Garki, wadda yanzu ke Jigawa, suna feshin ɗakuna suna raba magani gida-gida. Cutar ta yi ƙasa sosai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wasu sauron ba sa kwana a bangon ɗaki, su ciji mutum su fice waje. Har yau masu lissafin yaɗuwar cutar na komawa ga alƙaluman Garki.

Shin ko kun san an daɗe ana gardama kan ko a sayar da gidan sauro ko a bayar kyauta? Masu cewa a sayar hujjarsu ita ce abin kyauta ba ya daraja. Jessica Cohen da Pascaline Dupas suka gwada a wuraren awon ciki a Kenya. Da farashi ya tashi daga kyauta zuwa kwatankwacin santi 60 na dala, a cikin mata 100 sai aka rasa 60 daga cikin masu ɗauka. Kuma wadda ta biya ba ta fi wadda aka ba kyauta rataya shi ba. A 2009, da Najeriya ta fara rabon gidan sauro ga kowane gida, da Jihar Kano aka buɗe. Wani lissafi da aka buga a 2015 ya nuna an kauce wa kamuwa da cutar sau miliyan 663 a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan aikin gidan sauro ne. Duk da haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Doguwa da Tudun Wada sun fi arewacin jihar ruwan sama, daminarsu ta fi tsawo, kwanakin sauronsu ma haka. Gidan sauron da aka mai da shi shingen lambu ko ragar kaji, yaron gidan ne ke biyan kuɗinsa.

Maganin zazzaɓin nan da ma'aikata ke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ne a 2012, bayan gwaji ya nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Na kwana uku ne. Ma'aikaci ya ba da na farko, sauran biyun na hannun uwa.

Shin ko kun san wake ya taɓa ninka rigakafi? A Udaipur ta Indiya yara 6 cikin 100 kawai ke kammala allurai. Da aka tabbatar ma'aikaciya na zuwa kowane wata ba fashi, sai ya kai 18. Da aka ƙara da ba uwa kilo ɗaya na wani ɗan wake a kowane zuwa, sai ya kai 39, kuma kuɗin yi wa kowane yaro ya ragu da rabi, tunda ma'aikaciyar ba zaman jira take yi ba. Irin wannan ne ƙungiyar New Incentives ta gwada a Katsina da Zamfara da Jigawa daga 2017 zuwa 2020, da ɗan kuɗin mota ga uwar da ta kawo jaririnta, kuma masu zuwa sun ƙaru a fili.

Sai dai akwai abin da ya fi wake da kuɗin mota tsada, wato amana. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara 200, kuma 11 sun rasu. Labarin ya fashe a 2000, aka yi shari'a, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Belinda Archibong 'yar Najeriya da Francis Annan ɗan Gana sun bi alƙaluma suka gano cewa bayan fitar labarin, kai jarirai rigakafin yau da kullum ya ragu a wurin iyaye mata Musulmi. Kowa ya tuna an dakatar da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Sai da sarakuna da hakimai da dagatai da malamai suka sa baki aka dawo hanya. Yaron ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Kano a Sumaila yake, maƙwabciyar Tudun Wada, a watan Yuli na 2014, kuma a Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Duk mai zuwa bincike garuruwanmu ya fara da gaya wa mutane gaskiya da harshensu, ya nemi yardarsu.

Masanan nan biyu sun kuma gano cewa sanƙarau na 1986 a Nijar ya fi cin karatun 'yan mata fiye da na maza. Jinya ta cinye abin hannun gida, sai a cire yarinya daga makaranta a aurar. Ciwon ɗan'uwa ne, amma ita ta biya.

Shin ko kun san kunu ya taɓa ƙara wa mutane albashi? Daga 1969 zuwa 1977 an riƙa ba yaran wasu ƙauyukan Gwatamala wani kunun da aka ƙarfafa da madara da sinadaran gina jiki. Bayan sun girma, mazan da suka sha shi kafin su cika shekara 2 na samun ladan aiki sama da na sauran da kashi 46 cikin 100. A Jamaika kuma yara 129 ne da suka tsumbure. An riƙa ziyartar wasunsu sau ɗaya a mako har shekara 2, ana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 samunsu ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Tatsuniya da wasa da yaro a tsakar gida ba ɓata lokaci ba ne.

Kusa da mu, a Jigawa da Zamfara, daga 2014 an riƙa ba mata masu juna biyu Naira 3,500 kowane wata har yaro ya cika shekara 2, tare da bayani kan shayarwa da abincin yaye. Tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100. Masu cewa kuɗin zai bi ruwa ba su yi daidai ba: ya zauna a hannun matan, da yawa suka sayi awaki suka ja jari. Abin da ya sa wannan ya dame ni, ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara 5 a Najeriya, amma a Arewa maso Yamma 187 ne. Ga masara a Doguwa, ga shinkafa a Tudun Wada, ga waken suya da gyaɗa da zogale. Sau da yawa abincin na nan, kwanon ƙaramin yaro ne ba ya kaiwa.

Shin ko kun san wani nazari na 2010 ya danganta rabin raguwar mutuwar ƙananan yara a duniya, daga 1970 zuwa 2009, ga ƙaruwar karatun mata?

Shin ko kun san an taɓa raba littattafai a makarantun karkarar Kenya, aka dawo aka tarar ɗalibai 'yan sahun gaba kaɗai suka ƙaru? Littattafan da Turanci suke, yawancin yaran ba sa iya karanta su. Daga Indiya kuma ƙungiyar Pratham ta fito da wata hanya: a gwada kowane yaro, a raba su gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon aji ba, mai baƙaƙe da masu baƙaƙe, mai haɗa kalma da masu haɗa kalma. An kawo ta Kano a 2019 da sunan KaLMA, a Dawakin Tofa da Wudil, ga 'yan aji 4 zuwa 6, kuma da Hausa ake fara karatun. Mu wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo ba a biya wa mai babbaƙu abin mai farfaru, kowa da allonsa da inda ya tsaya. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2024. Gyaran rufi da kujeru wajibi ne, amma ma'aunin gaskiya shi ne yara nawa a aji 4 a Kwanar Ɗangora ko Riruwai ke iya karanta sakin layi ɗaya na Hausa.

A Dosso da Damagaram, Jenny Aker ta tarar manyan da aka haɗa musu yaƙi da jahilci da koyon rubuta saƙo a wayar salula sun fi saura ci gaba a karatu da lissafi. Ita ce kuma ta gano zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Shin ko kun san rancen ƙauyen Hausa ya shiga littattafan manyan jami'o'in duniya? A 1988 zuwa 1989 Christopher Udry ya zauna da gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya, ƙasar da muke iyaka da ita. Ya tarar kusan duk rancen tsakanin dangi ne ko 'yan gari ɗaya, ba jingina, ba takarda. Idan ambaliya ko ciwo ya faɗa wa wanda ya ci bashi, sai a sassauta masa. Idan mai bashin ne ya shiga matsi, sai a biya shi da wuri har da ƙari. Ya kira wannan inshora. Inda take gazawa shi ne ranar da fari ya haɗa gari duka, babu mai tallafar wani. Tun kafin shi David Norman a Samaru ya nuna a shekarun 1960 cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta rage asara, ba jahilci ba. Polly Hill kuma, daga zamanta a Batagarawa a 1967, ta nuna yadda talaka ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a daidai lokacin da tasa ke neman noma.

Sai ciwon da kowane manomin masara ya sani: a sayar da arha da kaka, a saya da tsada da bazara. A Kenya an ba manoma rance a lokacin girbi don su riƙe masararsu, suka sami ribar kusan kashi 29 cikin 100. An kuma gwada sayar wa manomi taki da kaka, lokacin da kuɗi ke hannunsa, a kai masa gida kyauta. Wannan ya yi aiki daidai da rangwamen rabin farashi a lokacin shuka. Ƙungiyoyin manoma da masu adashi na iya yin duka biyun ba tare da kuɗin ruwa ba. Ga mai wake kuma akwai buhun PICS mai hawa uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007 da hannun masanan Maraɗi. Yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba a zuba wa abinci guba.

Kun lura a duk wannan jeri sunayen Busia da Garki da Batagarawa ne ke fitowa. Kira nake ga Jami'ar Bayero da ta Wudil da Ahmadu Bello su turo ɗalibansu Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, su ƙirga yara masu tsargiya a bakin Tiga, su gwada karatun 'yan aji 4, su rubuta farashin masara daga kaka zuwa bazara, sannan su dawo ƙofar dagaci su karanta wa jama'a sakamakon da Hausa. Ku kuma iyaye, idan masu maganin damina suka zo, a ba yaro na rana ta biyu da ta uku, kuma a rataya gidan sauro tun daren yau.